Garin da Ba Ya Wari

Osaka, 3 ga Yuni, 1987

Ƙanena Norihide,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni dai raina a ɓace yake, kuma kai ne sila.

Sabon garin robar fenol da ka haɗa ka aiko mana ya hana mu sakat. Shekara arba'in Baba yana gasa irin wannan gari a inji yana yin mariƙin tukunya, da hanci yake gane ya yi: wari ya canza, ya ɗaga injin. Naka kuwa ba ya wari ko kaɗan. Jiya ya tsaya yana shinshina iska har mariƙi ɗari biyu suka ƙone ƙurmus. Na ce ya duba agogo, ya ce, "Agogo ne ya raine ki?" Masu tukwane sun ba mu zuwa ƙarshen wata, ko su koma wani wurin.

Ka dawo mana da tsohon garinmu, Malam Dokta.

Yayarka,
Chizuru

Kawasaki, 9 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, a gaida Baba.

Tsohon gari ba zai dawo ba. Minti uku ne, na rubuta ɓaro-ɓaro a jikin buhu. Ba kwa karatu ne?

Tunda kin matsa: bara waccan ni na raka Baba asibiti, kina Nara wajen haihuwar 'yarki. Likita ya ce warin da yake taƙama da shi ne ke cin huhunsa. Ya rantsar da ni kada in faɗa miki. Tun ranar nake fama, sau sittin ina haɗa gari marar wari ina zubarwa.

Ki huta lafiya.
Norihide

Osaka, 14 ga Yuni

Norihide,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Ashe ku biyu sakarya kuka mayar da ni! Ina ta dafa masa citta, wai mura ce!

Na karanta wa Baba wasiƙarka a gaban injin. Ya ce kai dama tun kana yaro bakinka ba ya riƙe magana. Na kulle shago, na sa mabuɗi a aljihu, na ce sai mun koma asibiti. Yau kwana biyu ba ya cin girkina.

Sai na ji daga gare ka.
Chizuru

Osaka, 28 ga Yuni

Ɗana,

Ina gaisuwa. Na je asibitin, yayarka ta buɗe shago. Mariƙi dubu sun fito, ko ɗaya bai tsage ba. Aiko buhu ashirin.

Kuma ka zo da kanka ka karɓo mini mabuɗina daga hannunta. Ni tsoronta nake ji.

Babanka,
Genzo