Fiyanon da ba ya nuna kuskure

Assalamu alaikum Admin da sauran jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma a sakaya sunana, don a Gyaɗi-Gyaɗi ba a wahalar gane mutum. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Bari in fara da abin da ke gabana. Wata goma sha ɗaya na yi ina zama gaban fiyano, awa guda kullum in ban da ranar Juma'a. Yau saura kwana goma sha shida a yi bikin yaye ɗalibai a makarantar 'yata. Yara mata goma sha biyu ne za su yi waƙar bankwana, baiti huɗu da amshi, kuma an riga an buga a takardar gayyata cewa mahaifin ɗaya daga cikinsu ne zai kaɗa musu. Ni ne mahaifin. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na gano cewa ban iya ba, ban ma taɓa iyawa ba.

Shekarata arba'in da shida, sana'ata kayan wuta na hannu, firji, janareta, sifika, talabijin da sauransu. Da rediyo uku a kafaɗa na fara, ba wanda ya ɗora ni, yau Alhamdu lillahi shagona biyu. Abin da nake tinƙaho da shi a kasuwa kunnena ne. In firji na aiki daga bakin ƙofa zan gaya maka ko an taɓa buɗe injinsa, in mutum ya zuba wa janareta baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙarar da yake yi kafin ya kawo mini, minti biyu ya ishe ni in gane. Na faɗi wannan ne don ku san irin takaicin da nake ciki. Masu shirin yi mini wa'azi a kan kiɗa kuma na gode, na san maganar, ba ita na zo tambaya ba yau.

Bara aka kawo mini fiyano huɗu irin na lantarki a cikin kaya, uku suka tafi, ɗaya gefensa ya tsage aka ƙi saye, sai na ajiye shi a sito ina ɗan taɓawa in kasuwa ta yi sanyi, don tun ina yaro abin yana burge ni. Matata ta ce ai ga ƙaninta Sadi, yana kiɗa a wani sitidiyo, me zai hana ya koya mini. Muka yi magana da shi, sau uku a sati yake zuwa bayan la'asar, ina sallamarsa duk wata yadda ya kamata. Bayan kamar sati biyu da farawa sai ya ce ya saita mini komai, in na kunna in danna lamba ɗaya kawai, kada in taɓa sauran maɓallan saiti don kada in rikita. Da na danna sai ganguna su tashi, ni kuma in bi da hannu biyu, kiɗa ya fito tsaf kamar a rediyo. Atisayena kullum iri ɗaya ne, in ɗauko waƙa daga farko in kai ta ƙarshe da cikakken gudunta, in sake, in sake, sau shida ko bakwai, awa ta cika in rufe. Sadi yana gefe yana danna waya yana cewa “Yaya, wallahi hannunka daban ne, mu shekara uku muka yi kafin mu kai nan.” Masu adaidaita da ke tsayawa a bakin layinmu har leƙowa suke yi, bidiyona ya zaga gurup ɗin dangi, ni kuma kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

'Yata Hanifa tana aji shida a wata makarantar kuɗi a Tarauni, ita ta je ta gaya wa malamarsu ta waƙa, Malama Rifkatu, cewa Abbanta ya iya fiyano. Malamar ta kira ni ta ce ko zan kaɗa wa yaran ranar bikin, na ce me zai hana, ko tunani ban tsaya yi ba. Ta turo waƙar a waya, Sadi ya saka mini ita a lamba ɗaya, na yi wata guda ina binta.

Ranar Asabar aka sa gwaji. Na ɗora fiyanona a mota na je, muna shiga zauren taron aka ɗauke wuta, mai kula da janareta kuma bai zo ba. Malama ta ce ba komai, ta yaye ƙyallen da ke kan wani tsohon fiyano na katako da suke da shi, wanda ba ya buƙatar wuta, ta ce bisimilla. Na zauna, yara suka jeru, na ɗora hannu inda na saba ɗorawa. Jama'a, abin da ya fito ban san sunansa ba, kamar an zubar da kwanuka daga bene. Na ɗauka fiyanon ne ya lalace, sai ta miƙo hannu ɗaya ta kaɗa layin farko, ya fito sumul. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. Ta ce to mu bar farkon, in kama daga baiti na biyu, nan ma na tsaya ina kallon maɓallai, don ban taɓa fara waƙa daga tsakiya ba a rayuwata. Yara suka fara toshe baki da hijabi. Hanifa ba ta yi dariya ba, takalminta take kallo.

Malamar ta sallami yaran su je su sha ruwa. Ana cikin haka aka kawo wuta, ta ce in kunna nawa ta gani. Na danna lamba ɗaya, ganguna suka tashi. Sai ta ɗauki dasta ta goge allo, ta kifa ta a kan maɓallan tana dannawa duk inda ta faɗa, kuma wallahi waƙar ta fito daidai, da daɗinta, irin yadda take fito mini kullum. Ta nuna mini wata 'yar fitila da ke kunne, ta ce wannan saiti ne da ake yi wa masu wasa da abin, kowane maɓalli ka danna injin zai mayar da shi sautin da ya dace. Ta ce, “Baban Hanifa, ka yi haƙuri, lokaci kawai kake ba shi, shi yake kiɗan.” Ni da nake gane baƙin mai a janaretan wani, na yi wata goma sha ɗaya ina gasa da dasta ban sani ba.

Da yamma na kira Sadi gida. Bai musa ba ko kaɗan, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, har da ɗan murmushinsa. Ya ce shi taimakona ya yi, wai yatsun babba sun riga sun sandare, da na riƙa jin kuskurena da tuni na watsar. Na ce to yabon da kake yi mini fa, da bidiyon da kake ɗauka kana turawa dangi? Ya ce ai farin ciki nake yi, shi kuma bai ga laifin faranta wa yayansa ba. Da na matsa sai ya tuna mini wani abu. A satin farko ya taɓa ce mini “ba haka ba ne, sake,” a gaban wasu masu sayen firji, ni kuma na ɗaure fuska na ce ya riƙa sanin a inda zai yi mini gyara. Ya ce tun daga ranar ya san ba zai iya ba, ta yaya zai zauna yana ce wa mijin yayarsa, wanda ya yi masa hidimar makaranta, ka yi kuskure sau ashirin a rana? Na tuna an yi haka. Don haka ƙyamar da nake ji kashi biyu ce, rabi tasa, rabi tawa. Amma duk da haka ban yafe masa ba, don da ya ce mini ba zai iya koya mini ba da na nemi bare wanda ba ya jin nauyina.

Shawararsa ita ce wai ba abin da ya faru. Ranar bikin in je da fiyanona, shi zai kawo ƙaramin janareta ya tsaya a kai, in danna lamba ɗaya in yi yadda na saba, a tafa a tashi. Matata tana bayansa, ta ce in na tashi yin gaskiyata in yi ta a shago, kada in yi ta a kan yarinya a gaban ƙawayenta da iyayensu. Ta ce wa aka cuta, tikiti aka sayar? Mun yi kwana biyu maganar ba ta da daɗi.

Na koma wurin Malama Rifkatu ranar Lahadi da yamma na ce ta gaya mini gaskiya, ba na son lallashi. Ta ce in kashe ganguna da saitin nan gaba ɗaya. Hannun dama kaɗai, layi ɗaya kaɗai, a hankali har sai abin ya gundure ni. Ta sa mini wata manhaja a waya mai yin ƙwas-ƙwas don kada in riƙa gudu a wuri mai sauƙi ina jan ƙafa a mai wuya. In layin ya fito sau biyar a jere ba kuskure in wuce, in na zame a na huɗu in koma ɗaya. Kullum in fara da wurin da ya fi ba ni wahala, ba farkon waƙa ba, kuma in naɗi kaina a waya in saurara. Ta ce minti ashirin da safe da ashirin da yamma a haka sun fi awata ta da amfani. Na bi, don ni in an nuna mini hanyar aiki ba na gardama. Amma sauraren kaina a waya azaba ce. Maƙwabcina mai sayar da taya, wanda da yake cewa in bar kasuwa in shiga fim, shekaranjiya ya leƙo ya ce, “Alhaji lafiya? Ko shi ma fiyanon a kira masa mai gyara ne?”

Ta ba ni zaɓi biyu. Ko mu zauna tare a fiyanon katako, ita ta riƙe ɓangaren hagu, ni in bi waƙar da hannun dama, a rage gudu yadda yaran za su iya bi, amma ta ce ba ta yi mini alkawarin ba zan zame ba, don kwanakin sun yi kaɗan kuma taro yana sa hannu rawa. Ko kuma in janye ta kaɗa da kanta, a ce uzuri ya taso mini. Na tambaye ta batun lamba ɗaya, ta ce ba za ta hana ni ba, ba kuma za ta faɗa wa kowa ba, iyaye ba za su gane ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne Hanifa ba ta san komai ba. A tunaninta fiyanon makaranta ne mai tauri. Jiya na ji tana gaya wa ƙawarta a waya cewa su jira ranar, Abbanta da nasa zai zo, za su ga yadda ake kiɗa, waɗanda suka yi dariya sai sun ji kunya. Na kasa haɗa ido da ita a wurin cin abinci. Ban taɓa sayar wa mutum kaya na ɓoye masa aibinsa ba, da wannan na gina shagona, yanzu kuma ana so in hau dandamali in yi wa 'yata abin da ba na yi wa kwastoma. Amma in na bi gaskiyata na je na zame a gaban taro, ba ni zan koma cikin yaran nan ba, ita ce, kuma da yawansu makaranta ɗaya za su wuce.

To jama'a, ya zan yi? In danna lamba ɗaya in rufa wa yarinya asiri sau ɗaya, daga baya in koyi abin da gaske? In zauna kusa da malamar da hannu ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, duk abin da ya fito shi ke nan? Ko in janye? Kuma in gaya wa Hanifa tun yanzu, ko in bari sai an gama? Waɗanda suka san fiyano a cikinku su faɗa mini tsakani da Allah ko kwana goma sha shida za su isa hannun dama ya riƙe baiti huɗu.

Ga abin da ke hannuna zuwa safiyar yau, na naɗa na saurara da kunnena. Amshi yana fita sau biyar a jere ba kuskure, da rabin gudu. Baiti na farko sau uku sai in zame. Sauran ukun ban taɓa su ba, hannun hagu kuwa babu komai. Na rasa malami, ina zaman doya da manja da matata, waɗanda ke leƙowa shago sun daina. Amshin nan guda ɗaya dai ni na kaɗa shi. Ku gaya mini ko ya isa in hau dandamali da shi.