Katantanwar Baba da Na Wanke

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. An sallamo Baba daga asibiti, jiki da sauƙi, sai dai idon bai dawo ba.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ban san ta inda zan gyara ba. Ka san katantanwar tekun nan masu tsinin kai da Baba ya shekara talatin yana tarawa a wurin aikinsa, duk jinsi ɗaya, ya rarraba su iri-iri. Kowace tana cikin kwalin ashana da 'yar takardarta: suna, inda aka tsince ta, da rana. Yana kwance a asibiti na buɗe durowar da yake ajiye su, na tarar danshi ya cinye kwalayen. Ni da karambanina sai na zubar da su, na wanke katantanwar tas, na jera su a faranti launi-launi, takardun kuma na tattara su a gwangwani guda don kada su ɓata.

Ranar Talata malamar jami'ar da Baba ya yi wa alkawarin kayan ta zo ɗauka. Ta daɗe tana kallon farantan. Ta ce ba da launi ake raba su ba, da ramin ƙasan da Baba ke kira cibiya ne, da zanen jikinsu. Ta ce suna dai za a iya sake ganowa, amma inda kowace ta fito babu mai sani kuma, kuma in babu wannan ado ne kawai. Haka ta tafi hannu rabbana.

Jiya na daure na gaya wa Baba. Na so ya yi mini faɗa, wallahi da na ji sanyi. Sai ya ce in miƙo masa faranti. Ya dinga shafa su da babban yatsa yana faɗin suna da wuri, ina rubutawa. A ta goma sha tara ya tsaya, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ajiye. Saura sun fi ɗari huɗu. Sannan ya tambaye ni ko bakinsu bai yanke ni ba wajen wankin.

Inna da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida mini matarka da takwarar Inna. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta