Zakaran da Aka Yanka Mana

Ƙofar Kwaya, Katsina.

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali duka. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Tun da soja suka koma bariki ƙungiyoyin agaji suka cika gari. Tamu ta tura mu wani ƙauye can bakin iyaka mu gano masu fama da yunwa, sai da muka bar mota muka taka da ƙafa. Duk magidancin da na tambaya ko abinci na isar gidansa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam." To wa zai ce yana jin yunwa a gaban baƙo? Mai unguwa kuma ya yanka mana zakara. Da na zaga wanke hannu na leƙa rumbunsa, ko zangarniya ɗaya babu.

Shi ne shugaban tawagarmu ya rubuta wai garin ba ya cikin buƙata, tunda har nama suka ba mu! Na yi masa bayani har na gaji, ya ce, "Malam Habu, abin da suka faɗa na rubuta." Ba mugu ba ne, amma ya cire su daga masu samun hatsi. Na ƙi sa hannu, ko da aikin zai tafi.

Ku sa ni a addu'a, a gaishe da su Kawu. Ni ma fa na ci zakaran nan, Yaya, har na yi ƙari.

Ƙaninka,
Habu