Na'urar Muntasir a Cikin Bahon Wankina

Laraba, 18 ga Maris, 2020
An rufe gari saboda annobar korona, an rufe jami'a, ga mu a ƙasar waje. Mijina Muntasir ya kwaso aikin digirinsa gida, wayoyi har kan tabarmar sallah. Na'ura ce da ake liƙawa a gaban jirgin ruwa, tana aika sauti cikin ruwa, in ya daki wani abu ya dawo sai ta yi ƙara. Na kau da kai. Ya san ni da zancen ruwa.

Alhamis, 2 ga Afrilu
Ya ƙwace mini bahon wanki. Ya jefa tukunya ciki, na'urar ta yi ƙara, mijina yana tsalle kamar ba mai gemu ba. Na yi dariya ban shirya ba.

Asabar, 25 ga Afrilu
Azumi na biyu. Muna jiran shan ruwa ya ce duk dutsen da ke gaban jirgi na'urar za ta gan shi. Na ji bakina ya ce, “Malam, ba dutse ne ya ci Turai ba. Kututture ne.”

Tun aurenmu abin da ya sani kawai ƙanwata Turai ta rasu a ruwa. Yau na faɗa masa sauran. Kwale-kwalen kasuwa, daga Yawuri, ruwa ya cika ya rufe itatuwa, muka daki kututture muka kife. Ni na fita, ita ba ta fita ba. Tana riƙe da ledar lallen da ta saya mini.

Ya ɓare dabino ya sa mini a hannu.

Litinin, 27 ga Afrilu
Ya roƙi muciyata ya jiƙa ta a baho. Na'urar ta yi gum. Jiƙaƙƙen itace ba ya mayar da sauti sosai, in ji shi. Ya zauna a bakin banɗaki, kansa a ƙasa.

Lahadi, 24 ga Mayu
Sallah mu biyu. Inna ta yi kuka a waya.

Talata, 16 ga Yuni
Na'urar ta ji muciyar! Ya fito da kumfa a hannu yana kirana, “Hure, zo ki ji.” Na ji. Na shige kicin na daɗe.

Asabar, 15 ga Agusta
An ba shi izinin gwaji a tafkin Titiwangsa. Na ce rakiya kawai zan yi, na riƙe masa shinkafar da muka yi tapau, wato muka sayo a ƙunshe, a unguwar Taman Melati. Mai jirgin, wani dattijo, ya miƙo mini rigar ruwa ya ce, “Boleh, lah,” wato za ki iya. Muntasir ya ce masa a ƙyale ni.

Wai babu mai riƙe masa allon na'urar, shi ya sa na shiga. Ba wani abu ba. Takunkumina ya jiƙe. A tsakiyar tafkin na ɗaga kai sau ɗaya.

Ashe daga cikin ruwa garin ya fi kyau.