Gafiyoyin Likita

Kano, 4 ga Nuwamba, 1956

Yaya Lado,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hauwa da yara. Baturen likitan da nake wa aiki yana neman gafiya ashirin kafin ƙarshen wata. Ya ce in na kawo, zai tura ni Ibadan koyon aikin ɗakin tiyata. Ka kamo, ka ba Uba direba a Tudun Wada. Kada ka tambaye ni amfaninsu, ba abin da mai fartanya zai gane ba ne.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Mainasara

Doguwa

Mainasara,

Ina gaishe ka, kowa lafiya lau. Ashe bokon naka a farautar gafiya ya ƙare? Tir! Ubanmu ya ba ka gona, ka ce ka fi ƙarfin noma. Kwana shida ina turara ramuka da hayaƙi, duk gari ana yi mini dariya. Ga su nan ashirin cif a kwando. Ko Nasara ne zai ci, ba na aika wa ɗan'uwana mushe. Kowacce na yi mata bisimilla na yanka, Hauwa ta barbaɗe su da gishiri.

Allah ya shirye ka.
Yayanka, Lado

Kano, 21 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. Ka kashe ni! Wa ya ce ci za a yi? Maƙogwaronsu ake so. Likita yana buɗe shi ya ƙirga zobban da ke ciki, ya koyi ɗinke shi da zare siriri, don ranar da numfashin yaro ya toshe a san inda za a tsaga. Maƙogwaron ne kuma ka bi ɗaya bayan ɗaya ka datse! Likita ya buɗe kwando a gaban ma'aikata, ya toshe hanci, ya ce wanda ya kasa isar da saƙo ba zai riƙe masa wuƙa ba. An ba abokin aikina Umaru gurbina na zuwa Ibadan. Wannan wane irin ƙauyanci ne?

Sai wata rana.
Mainasara

Doguwa

Mainasara,

Gaisuwa. Wannan bayanin da ka yi yanzu, na karanta sau ɗaya na gane tsaf. Da shi ka fara aikowa, da sun iso maka da ransu suna tsalle.

Fartanyarka tana nan inda ka jingine ta.

Wassalam.
Mai fartanya, Lado