Tabarau Ɗaya, Ido Huɗu

Venezia,
4 ga Maris, 1929.

Yaya Clelia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya tarin Inna? Ƙanƙara ta fara narkewa a can gida Cadore kuwa?

Baba ya iso lafiya ranar Asabar. Na tarye shi a tashar jirgin ƙasa, ya sauko goye da akwatin tabaraunsa, ya hana ɗan dako ko taɓawa.

Kin tambaye ni gaskiyar maganar dokar nan. Na san ta sarai, don ni na duba kurakuran bugu ranar da jaridarmu ta fitar da ita. A taƙaice, ba mai sayar da tabarau nan gaba sai wanda ke da takardar shaida. Waɗanda suka daɗe a sana'ar, irin su Baba, za su zauna jarrabawa gaban likitocin ido. Wanda ya ci ya ci gaba da aikinsa, wanda ya faɗi ya ajiye akwati.

Ki yi haƙuri, ni ban ga laifin dokar ba. Na sha ganin 'yan yawo suna sayar wa tsofaffi gilashin taga da sunan tabarau. Likitoci na cewa awon ido aikinsu ne, masu shaguna na cewa nasu ne, abin da kawai suka haɗu a kai shi ne a kori mai yawo da akwati. Baba ya shekara arba'in da ɗaya yana hawa duwatsu ƙauye-ƙauye, ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Sai dai wannan ba ya cikin abin da za a tambaye shi.

Kullum da safe ina koya masa lambobin gilashi irin na likitoci. Kin san yadda ya jera nasa: na ɗan arba'in, na ɗan hamsin, na ɗan sittin, sai na ƙarshe da yake kira "na bankwana." Jiya na tambaye shi sunayen sassan ido, ya ce, "Kai ɗan jarida, ni ido na sani, ban san sunan 'ya'yansa ba." Amma yana riƙewa. Kansa ya fi nawa ja.

Ki gaida Inna da mijinki Tullio.

Ƙaninki,
Ermanno.

Venezia,
13 ga Maris, 1929.

Yaya Clelia,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami wasiƙarki, na ji daɗin jin Inna ta sami sauƙi.

An yi jarrabawar jiya da shekaranjiya. Su goma sha takwas ne, Baba ne babbansu. An bar dangi su zauna a bencin baya, don haka abin da zan faɗa miki da idona na gani.

Rubutu ya yi shi a hankali, ya gama. Tambayoyin baki ya amsa bakwai cikin tara. Sai aka zo gwajin aiki, inda ake kawo wa kowa mutum guda ya auna masa ido. Baba aka ba shi wani dattijo mai gyaran taru daga tsibirin Burano, sunansa Momolo. Cikin minti biyar ya gano lambar da ta dace da shi. Na ga babban likitan ya kalli na kusa da shi ya ɗaga gira. Da Baba ya tsaya nan, da an gama.

Sai ya ce wa dattijon, "Su wa ke gida?"

"Ni da tsohuwa."

"Shekarunta nawa?"

"Hamsin da biyar take cewa. Tun kafin yaƙi take faɗin haka."

Mutane suka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya tambayi aikinta, Momolo ya ce saƙar leshi. Ya tambayi wa zai riƙa ɗaukar tabaraun da safe. Momolo ya ce, "Ita mana. Ni sai ta tashi dafa abinci nake samu."

Baba ya mayar da gilashin da ya dace, ya ɗauko wani mai ɗan sauƙin ƙarfi ya ɗora wa mutumin a hanci.

Likita ya ce wa Baba, "Signor Da Col, me ya sa ka canja?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, gida ɗaya tabarau ɗaya ne. In na ba shi nasa, ita kafin rana ta take kanta zai fara sarawa. Wannan zai ɗauke su duka biyun."

"Mutum ɗaya na ba ka."

"Mutum ɗaya ka ba ni, amma ido huɗu zai kai wa."

In faɗi gaskiya, likitan bai zalunce shi ba. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Zan sake tambayarka. Wanne ne amsarka, na farko ko na biyu?" Na yi tari da ƙarfi har aka juyo ana kallona. Baba bai waiwayo ba. Ya nuna na biyu.

Na yi ta juya abin a raina. Likita na da gaskiya, gilashin da ba na kowa ba yana ɗan cutar da kowa. Amma ke ma kin tuna wanda ke kan tagar gidanmu, Inna ta yi ɗinki da shi, Kaka ya karanta littafin addu'a da shi, har aka riƙa faɗa a kan wa ya bar maiƙo a jiki. A duk kwarinmu na Cadore ban san gidan da ke da biyu ba, in ban da na fadan coci da na mai sayar da magani.

Ranar Juma'a za a kafe sunaye. Kada ki faɗa wa Inna komai tukuna.

Ƙaninki,
Ermanno.

Venezia,
16 ga Maris, 1929.

Yaya Clelia,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa.

Sunan Baba bai fito ba. Sha ɗaya suka ci. Ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu, sannan ya ce mu je mu ci abinci. Ya cinye polenta, tuwon masarar nan, da kifinsa, har ya ƙara.

Yau da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Momolo ne, da wata 'yar guntuwar tsohuwa da ya ce ita ce Zanze matarsa. Wurin mai gadin zauren jarrabawa suka sami kwatancenmu. Ko zama ba ta yi ba ta ce wa Baba, "Kai ne mai bin diddigin shekaruna a bainar jama'a?" Baba ya ce shi ne, a gafarce shi. Ta ce ta yafe, in zai sayar musu da wancan na biyun.

Baba ya ce, "Uwargida, tun jiya ni ba mai tabarau ba ne. Ga ɗana nan, ya haddace dokar, ki tambaye shi." Na ce haka ne. Ban ji daɗin faɗa ba.

Sai ya ɗauki hularsa ya ce su biyo shi. Muka tafi wani shago kusa da gadar Rialto, na wani saurayi mai takardarsa rataye a bango. Baba ya ce su shiga su nemi na karatu, su gwada ɗaya bayan ɗaya, ita da leshinta a hannu. Shi ya tsaya a waje, bakin gilashin taga, hannu a baya, kamar mai kallon kaya. Zanze ta sa na farko ta leƙo, ya girgiza kai. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu ya ɗan jima yana kallon yadda take riƙe da allura, ya jira Momolo ma ya sa, sannan ya gyaɗa kai. Mai shagon ya yaba musu da iya zaɓe.

Ba mu jira fitowarsu ba. Muka kama hanya ni da Baba. Ya ce, "Yaron nan bai ko dubi nisan da take riƙe aikinta ba. Amma hannunsa da tsabta. Zai koya."

Baba jirgin ƙasan Litinin zai biyo. Ki tura Tullio tasha, kuma kada kowa ya tambaye shi komai a gaban mutane.

Ƙaninki,
Ermanno.