Ni na dakushe foyil ɗin, abokinsa yake zargi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji da riƙe maganar nan ni kaɗai.

Muna zaune a Bukit Jalil, nan Malesiya, maigidana yana digirinsa na uku. Bara karatun ya so ya kwantar da shi, ba ci ba walwala, sai wani abokinsa ɗan Malesiya da suke lab ɗaya ya fara jansa bakin teku a Port Dickson duk Asabar, wani wasan ruwa wai wingfoil. Allo ne kake tsayawa a kai, ka riƙe fiffike iska ta ja ka, a ƙasan allon akwai foyil, wata doguwar sanda mai fukafukai, ita ke ɗaga ka sama da ruwa. Ni dai Bakano a kan teku dariya yake ba ni, amma da na ga mutumin ya dawo yana cinye tuwonsa sai na ja bakina.

Wata biyu yana cika min kunne zai bar babban foyil na 'yan koyo ya koma ƙarami mai gudu. Abokin ne ya zaɓa masa, ƙarshe ma nasa ya sayar masa. Ya kawo ya jingine a falo, tunda ba mu da sito. Bakin fiffiken foyil ɗin ta baya siriri ne kamar reza, 'yarmu Ilham da ta fara tafiya ta dafa, ya ɗan yanke ta a tafin hannu. Maigida yana makaranta lokacin. Raina ya ɓaci, na ɗauko dutsen wasa wuƙa na goge bakin tas har ya dakushe, yadda ake yi wa bakin langa-langa a gida. Wallahi gyara na ɗauka na yi, ko a kaina ban sa ba.

Ranar Asabar ya dawo fuska a murtuke. Wai foyil ɗin fito yake yi a cikin ruwa, yana karkarwa, sau nawa yana kayar da shi. Ya shafa bakin da yatsa ya ce an goge shi, ashe sirantar nan ce aikin. Nan take ya yanke cewa abokin ne ya lalata ya ɓoye masa. Na buɗe baki, na ga idonsa, na rufe.

Yau sati uku bai je ruwa ba, ya daina zama da abokin a mamak, wato shagon shayi da abinci na nan, abincin ma ya koma tsakura. Bawan Allahn nan ya rantse lafiya ya ba shi, maigida bai yarda ba. Shekaranjiya ina zuba masa shayi ya ce min, "Maman Ilham, ba kayan ne suka dame ni ba. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya ne ya dubi idona ya yi min ƙarya."

Na gaji wallahi. Kullum sai na shirya maganar, sai ta maƙale, kuma ko wace rana tana ƙara nauyi. Ba faɗansa nake tsoro ba, shirun sati ukun nan ne ban san yadda zan kare ba.

Yanzu abokin ya turo saƙo, zai zo gidanmu ran Asabar ya karɓi kayan, ya kuma ba da haƙuri don a zauna lafiya. In faɗa wa maigida mu biyu kafin ranar, ko in bari in faɗa a gaban mutumin don a wanke shi sosai? Ni ce zan dafa abincin da za a sa masa, ban san yadda zan miƙa tire ina jin yana roƙon gafara kan abin da hannuna ya yi ba.